Ranar da Na Yi Shaida a Kan Yayana

Tsufa ya kwashe mani abubuwa da yawa daga kai, amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba zan manta ba: ranar da na tsaya gaban alƙali na yi shaida a kan yayana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Lokacin nan ne da kuɗin fetur suka cika ƙasa, duk wanda ya samu abin hannu sai ya sayi abin hawa. Ni ina ɗinki a Ƙanƙara. Shi kuwa Yaya ya sayar da shanunsa ya sayo sabuwar a-kori-kura, yana jigilar hatsi da 'yan kasuwa daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Direba ne gwani, sai dai yana da hali guda: ba ya iya wuce wanda ya sani bai gaishe shi ba, ga shi kuma rabin ƙasar ya sani.

Wata ranar kasuwar 'Yankara na bi shi zan kai rigunan yara da na ɗinka, ina zaune gaba kusa da shi. Muna dab da shiga gari ya hangi wani abokinsa a gindin bishiya, sai ya zura kai ta taga yana yi masa kirari. Motar ta karkata gefen hanya. Na hangi wani dattijo a kan keke, kafin in buɗe baki mun banke shi. Mutumin Tafoki ne, ya karye a ƙafa. Yaya da kansa ya ciccibe shi zuwa asibiti, hawaye na zuba masa.

'Yan sanda suka tuhume shi da tuƙin ganganci, aka ba da belinsa, ni kuma aka ce zan yi shaida tunda a idona aka yi. Nan fa direbobin tasha suka shiga ba shi shawara: a ce dattijon ne ya faɗo titi, ai babu wanda ya gani. Da la'asar sai ga Yaya a shagona, ya zauna yana ta wasa da almakashi.

"Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Ka dai ce ba ka lura ba. In aka ɗaure ni, wa zai riƙe mani iyali?"

Wannan keken ɗinkin da nake ci da shi, shi ya saya mani.

Washegari na hau keke sai Mabai, wurin Innarmu. Na tarar tana sheƙar dawa a tsakar gida. Na zayyana mata komai, ba ta ko ajiye ƙwaryar ba.

"Alƙur'ani za su ba ka ka dafa?"

Na ce, "E, Inna."

"To me ka zo tambayata? Wanda ya shiga gidan yari yana fitowa. Wanda ya dafa littafin Allah ya yi ƙarya fa, ina za ni in yi belinsa?"

A kotun majistare ta Funtuwa aka yi zaman. Da mai gabatar da ƙara ya tambaye ni ina idon direba yake lokacin da abin ya faru, sai na dubi alƙali. Ban yarda na kalli inda Yaya yake tsaye ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yana kallon baya, yana gaisuwa."

Alƙali ya juya ga Yaya, ya ce ko yana da tambaya ga mai shaida. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu. Yadda ƙanena ya faɗa, haka aka yi."

Sai dattijon ya miƙe da sandarsa ya nemi izinin magana. Ya ce tun ranar da ya kwanta, wannan bawan Allah ke ɗawainiya da shi, shi kam ya yafe duniya da lahira. Alƙali ya ce, "Baba, ka yafe naka haƙƙin, Allah ya saka maka. Amma hanya ta jama'a ce, wannan ba ka da ikon yafe shi." Ya ce saboda Yaya ya amsa laifinsa kuma bai taɓa yi ba, ba zai ɗaure shi ba. Ya ci shi tara, ya hana shi tuƙi shekara guda.

Yaya ya ba wani direba motar, ya koma Mabai ya kama fartanya. Damina ta wuce, in mun haɗu gaisuwa ce kawai, a taƙaice. Abin ya ci mani rai, ba ƙarya.

Ana saura kwanaki Sallah, ina tsaka da aiki, sai na ga an jefo shadda bisa kan keken ɗinkina. Na ɗaga kai, Yaya ne, ya yi baƙi ya rame, amma yana murmushi.

"Tashi ka auna ni," in ji shi. "Noma ya cinye tumbin, tsofaffin rigunan duk sun yi mani yawa."

Na tashi na fara auna shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Da ka bi maganata, da har yau ban iya haɗa ido da tsohon nan ba. Jiya ma can na yini, mun yanke masa gero."

Bayan an mayar masa da lasisi ya yi shekaru masu yawa yana tuƙi, ko akuya bai ƙara taɓawa ba. In ya hangi idon sani sai ya gangara gefe ya tsaya, fasinjoji na ta ƙorafi, ya gama gaisuwarsa a natse.

Abin da na koya shi ne, ɗan'uwanka zai iya yin fushi da kai don ka faɗi gaskiya a kansa, amma fushin damina guda ne. Ƙaryar da za ka yi don ka rufa masa asiri kuwa, ku biyu za ku ɗauki kayanta har kabari.