Zoben Tasbihin Maigidana

Maigidana yana da wani zoben tasbihi mai batir, irin wanda ake dannawa yana riƙe adadin zikiri, yana kuma motsi in lokacin salla ya yi. Bai rabuwa da shi. Da Allah ya karɓi ransa, ranar sadakar uku muka raba tufafinsa ga maƙwabta a nan unguwar Yantala. Sai washegari, bayan mutane sun watse, na nemi zoben na rasa. Na zazzage akwati, na ɗaga katifa, na zauna ina kuka. Shi kaɗai na so in riƙe.

Babbar ɗiyata, wadda ke rubuta mini wannan, aikinta gyaran na'urori ne. Ta ce, "Inna, share hawayenki. Zoben nan yana fitar da ɗan kira wanda kunne ba ya ji, amma salula tana ji. Sai dai mu yi sauri kafin wutarsa ta mutu."

Ta buɗe wata manhaja da take aiki da ita. Sunaye suka jeru: agogon wani, rediyon wata, can ƙasa kuma zoben, kiransa da rauni. Ta ce in ta matso kusa zai ƙara ƙarfi. Ta zagaya ɗaki, ta leƙa madafa, har akurkin kaji. A bakin zaure kiran ya ƙaru. Ina takaba, ba ni fita, sai na laɓe a bayan ƙyaure ina saurare.

Aminin marigayi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yana zaune a gindin itacen bedi na ƙofar gida cikin babbar rigar da muka ba shi.

"Baba, kada ka motsa," in ji ɗiyata.

"Ke 'yar nan, jandarma kika zama? Me na sata?"

"Rigarka ce ke magana."

Ya laluba aljihun ciki, sai ga zobe. Ya yi salati. "Ashe wannan ne! Tun jiya duk lokacin salla ƙirjina sai ya kama rawa. Na ce shi ke nan, abokina ne ya aiko a tafi da ni. Har na yafe wa matata!"

Rabona da dariya tun kafin jinyar maigidana. Ranar na yi ta har na dafa bango, hawaye na zuba.

Zoben ya yi mini yawa, sai na naɗa masa zare. Da la'asar ta yi ya motsa a yatsana, na tashi na ɗauki buta.