Babban Mutum a Gefen Dama

Malam Dabo mai hoto bai taɓa yarda da abin da ya yi sauri da yawa ba, mutum ne ko inji. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoto a Daura da kasuwannin kewaye, sha huɗu daga ciki da wata tsohuwar kwamfuta mai nishi kamar saniya idan an kunna ta. Bokonsa ba nisa, don haka bai taɓa raɗa wa folda suna ba. Wuri yake ba ta. Ya mai da fuskar kwamfutar ƙasar Daura: mutanen Kongolam a sama, 'yan cikin gari a tsakiya, garin Babban Mutum can a gefen dama. Ka faɗi garinku kawai, hannunsa ya san hanya.

Da tsohuwar ta fara suma sau uku a wuni, Suhaibu mai gyaran kwamfuta ya kawo masa sabuwa, ya kwashe hotunan ya zuba a ciki, ya tafi da tsohuwar.

"Sabuwar manhaja ce, Baba. Kafin ka ƙifta ido ta buɗe."

"Saurin me take yi? Wa ya koro ta?" in ji Dabo.

Washegari da hantsi wata mata ta yi sallama, Kulu daga Babban Mutum. Mijinta Mati ya rasu bara, ƙaramar 'yarsu ta fara tambayar kamannin ubanta, kuma babu hotonsa ko ɗaya a gida. Ta tuna Dabo ya taɓa ɗaukarsa ran kasuwa. Motarsu za ta juya bayan la'asar.

Dabo ya kunna, ya kai hannu gefen dama. Fayau. Foldoji sun fi ɗari uku, duk an jera su sahu-sahu daga hagu kamar masu sallar idi, kowace kamar 'yar'uwarta.

Ya kira Suhaibu a waya, ko gaisuwa babu.

"Kai, ina ka kai mini Babban Mutum?"

"Babban mutum wa, Baba?"

"Garin! Da mutanensa!"

"Wallahi ko hoto ɗaya ban taɓa ba. Ita ce ke jera kayanta da kanta."

"To dawo mini da tsohuwar."

Suhaibu ya ce ai tun jiya ya goge abin da ke cikinta tas, wani ɗan makaranta ya saya.

Dabo ya ajiye wayar a hankali. Tun jiya. Me ya sa tun jiya? Ya tuna yadda Suhaibu ya yi ta yaba yawan hotunan, ya tuna ana cewa akwai masu neman fuskokin mutane su yi katin bogi. Ya kalli ɗan idon da ke saman sabuwar kwamfutar, ya ga kamar shi ma kallonsa yake.

"Malam, ko in haƙura?" Kulu ta tambaya.

"Zauna, Hajiya. Fuska ba ta ɓace mini."

Ya fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan mai hular dillalin awaki ne, ya ja shi sama, Kongolam. Waɗannan 'yan Islamiyya ne, tsakiya. Suka yi azahar, ya dawo ya ci gaba, Kulu tana leƙen hanya tana gyara mayafi. A folda ta ɗari da tamanin da wani abu ya ga bangon ƙasa da shuɗin ƙyallen da yake ratayawa a kasuwar Babban Mutum. Hoto na bakwai, Kulu ta kama bakinta.

"Shi ne. Har da rigar da na wanke masa."

Ya buga mata biyu, ta naɗe a gefen zane, ta tarar da mota ana kiran sallar la'asar.

Kwana tara Dabo ya yi yana mai da kowane gari mazauninsa. Ya ƙirga hotunan, bai ga abin da ya ɓata ba, sai dai shi ma bai san adadinsu tun farko ba, kuma wannan ya tsaya masa a rai. Ya zana taswirar a kwali ya kafe a bango, ya liƙe idon kwamfutar da salatif. Suhaibu yana zuwa gaishe shi har yau, ana ba shi kujera da ruwan sanyi, a bakin ƙofa.