Gayyar Gonar Gwaji

Idan na ji ana cewa rashin wuta da kayan aiki ne ke kashe bincike a ƙasar nan, ba na musu. Amma maigidana ya jure waɗannan. Shekarun da muka zauna kusa da Dangora, ɗakin gwajinsa janareta ɗaya gare shi, mai tari kamar tsohon ɗan sigari, kuma a haka yake aiki.

Abin da yake nema shi ne irin dawar da ƙuduji ba zai kashe ba, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse gonakin mutanenmu. Kowace kunya a gonar gwajinsa irinta daban, da turke mai lamba. Kawunan da ya zaɓa yakan rufe su da jakar takarda don kada su gauraya. Mutanen gari suna ta tsokanarsa, wai Malam ya ɗinka wa dawa hula. Ni ma na sha yi masa dariya. A wata kaka ya ce mini kunya biyu sun tsaya da ƙafarsu, bayan shekara da shekaru yana tacewa.

Sai mahaifina ya rasu a Riruwai. Muka tafi, maigidana ya zauna karɓar gaisuwa har aka yi bakwai, don suruki ba ya tashi kafin nan.

Da muka dawo, gonar fayau. Maigari ya ga tsuntsaye sun sauka, shanun makiyaya na gab da shigowa, mai gona kuma yana cikin makoki, sai ya kira gayya. Sun yanke dawar duka, sun cire takardun, sun tara turakun gefe guda, sun ɗaure dammuna tsaf. Zaɓaɓɓe da bara-gurbi duk sun haɗe.

Maigari ya tarye mu da fara'a. "Malam, mun rage maka wahala. Ko zangarniya ɗaya ba mu bari ba."

Na buɗe baki, maigidana ya hana ni da ido. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Bai sake shuka gwajin ba. Ya nemi canji zuwa ofis a Kano, inda ya tsufa yana sa hannu a takardu. Har yau abin yana ci mini rai, kuma na rasa wanda zan ji wa haushi.

Maigarin kuwa, har ya bar duniya, duk zuwanmu gaisuwa sai ya ba baƙi labarin yadda suka ceci dawar Malam. Maigidana yakan sunkuyar da kai ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."