Awa ɗaya Malam Sabi'u ya roƙa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Toranke, Malam Sabi'u ya rasu.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Shi ya koya mana Physics a Gaya kafin ya tafi waje karatu. Takardun aji da kuɗinsa yake buga mana. Da na faɗi jarrabawa, har gida ya biyo ni a kan babur.

A can waje shekaru ya yi yana bincike kan silicon, sinadarin da ake samu daga yashi. Shi da abokan aikinsa suna harba wa silicon ɗin hasken laser mai tsananin ƙarfi, matsi ya ratsa shi kafin ƙiftawar ido, su kuma su ɗauki hoton cikinsa da X-ray. Ya ce ƙwayoyinsa sake jeri suke yi, kamar an cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku a motar Kano, kowa ya gyara zama. Har silicon ɗin ya koma ɗaukar lantarki kamar ƙarfe, in matsin ya yi yawa ya narke.

Da ya dawo gida ba lafiya, me muka yi da shi? Mun ji ana yin sola da silicon, sai muka riƙa kai masa gyaran sola. Yana dariya yana gyarawa.

Abu ɗaya ya roƙa: awa ɗaya a aji, ya yi wa ɗalibai bayanin aikinsa da Hausa. Makaranta uku ya je. Nan a ce shugaba ba ya nan, can a ce ya rubuto takarda. Yau mutanen makarantun nan ne suka cika Facebook da hotonsa, wai gwarzonmu. Ku ji tsoron Allah!

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Ajingi ce, ya rame sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Nura, kai ma yanzu malami ne. Ko rabin awa ka ba ni, alli kawai nake so."

Na ce masa ya bari sai bayan jarrabawa.

An gama jarrabawar tun watan jiya, ban kira shi ba.

Allah Ya gafarta maka Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ni ma ku roƙa min gafara.