Bi Mwatima Vuai da Duwatsun Bakin Teku

Haihuwa da Tasowa

An haifi Bi Mwatima (Bi ko Bibi laƙabin girmama mace ne a harshenmu) a shekarar 1948 a ƙauyen Jambiani da ke gabashin tsibirin Zanzibar. Mahaifinta, Vuai Pandu, masunci ne, mahaifiyarta kuwa, Mboja Ame, mai tufkar igiya ce. Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku, kuma a hannun mahaifiyarta ta koyi sana'ar matan garinmu: idan teku ya janye a binne ɓawon kwakwa cikin rairayi, a ɗora tulin duwatsu domin kowace mace ta gane nata, bayan wata shida a tono, a daka, a tufka igiya.

Aure

A 1967 ta auri Simai Haji, masassaƙin kwale-kwale, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu kafin rasuwarsa a 1989. Da igiya ta riƙe gidan.

Zuwan Otal-otal

Daga 1995 masu yawon buɗe ido suka yawaita, matasa suka ajiye komar kifi suka koma ɗaukar jakunkuna, har kifi ya yi tsada ya fi ƙarfin mai kama shi. A 2004 wani sabon otal ya sa aka kwashe duwatsun mata, wai baƙi suna tuntuɓe, aka kewaye furanni da su. Wahalar mata talatin ta ɓace ƙarƙashin rairayi ba alama. Bi Mwatima ta jagorance su da kwanduna har harabar otal ɗin.

Manaja ya ce, "Haba Bibi, ai duwatsu ne kawai!"

Ta ce, "To ɗan nan, tunda kawai ne, ba mu abinmu."

Kwana tara ta yi tana taka rairayi da diddige har ta gano rami ashirin da shida, huɗu kam sun tafi ke nan. Daga bisani dagaci ya yanke hukunci wurin na mata ne. 'Yarta Pili, mai tarbar baƙi a otal ɗin, ta dawo gida a fusace ta ce, "Mama, kin kusa sa a kore ni a kan ɓawo!"

Ta amsa, "Ɓawon ne ya saya miki takalmin da kika je neman aikin."

Shekarar da Baƙi Suka Ɗauke Ƙafa

A 2020 annoba ta hana tafiye-tafiye, aka rufe otal-otal, aka sallami Pili bayan hidimar shekara goma sha shida. Mun ji jiki ƙwarai a wannan shekara. Bi Mwatima ta dubi hannun 'yarta mai laushi ta ce, "Taso, 'yar otal, teku bai sallami kowa ba." Mata arba'in ta koya wa sana'ar, kuma da baƙi suka dawo, otal ɗin nan da ya kwashe duwatsu shi ya fara aiko neman igiyar ɗaure rumfuna. Mun sha dariya.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis cikin watan Sha'aban na 2023 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka yi jana'izarta bayan azahar a maƙabartar garin. Ta bar 'ya'ya huɗu, Kombo da Pili da Mtumwa da Ame, da jikoki goma sha tara, da kuma ɓawon da ta binne mako guda kafin ta kwanta. Da wata shida suka cika Pili ta tono shi, ta zuba sabo a ramin, ta mayar da duwatsun mahaifiyarta inda suke.