Tabon da Ba Ya Ƙaiƙayi

Shekarun baya, lokacin ina noman shinkafa a fadamar wajen Guri, akwai wata kaka da har yau ba ta fita raina ba. Duk wanda ya taɓa bugun shinkafa ya san ƙaiƙayinta. Ya shiga riga, ya haɗu da gumi, mutum ya yi ta susa kamar mai ƙazuwa. Idan na dawo da la'asar sai in tuɓe riga in zauna a tabarma, mai ɗakina ta kakkaɓe mini baya da tsumma kafin in shiga wanka.

Ran nan tana cikin kakkaɓewa sai ta tsaya.

"Malam, nan wajen ba ya yi maka ƙaiƙayi?"

"Ina?"

"Inda yatsana yake."

"Ai ba ki ɗora ba tukuna."

Ashe yatsan nata yana kan wajen.

Ta ce wani tabo ne a ƙasan kafaɗata, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, ya fi sauran fatar haske. Duk bayana sharkaf da gumi, shi kaɗai ne a bushe.

Na ce, "Ƙyasbi ne. Rabin mutanen fadama suna da shi. Ko gajiya kika yi da ni, kika fara neman aibu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙyasbi in ka kankare shi da farce yana fitar da dusa. Makero kuwa zagaye yake yi, bakinsa da ƙuraje, ga ƙaiƙayi. Wannan ba ya yin komai. Shi ne abin da ban so ba."

Ta zaro tsinken tsintsiya. "Rufe idonka."

"Idon nawa a ƙeya yake?"

"Kai dai rufe."

Ta soka mini a wuya, na zabura. Ta soka a haƙarƙari, na ce, "Ke, kashe ni za ki yi?" Daga nan na zauna ina jira. Da na gaji na ce, "To, ci gaba mana."

Ta ce, "Na soka har ya lanƙwashe."

Sai ta zagayo gabana ta zauna, ta ba ni labarin kawunta. Tana yarinya ita ce mai saka masa maɓallin riga, ita ce mai zuba masa ruwan alwala, don yatsunsa sun tafi. Ta ce shi ma da tabo ɗaya ya fara, ana ta cewa ƙyasbi ne. Ba ta ambaci sunan cutar ba, amma na gane kuturta take nufi. Na dubi hannuwana. Da su nake riƙe lauje, da su nake ci da gidana.

Duk da haka, namiji da taurin kai, na ce a bari in gama kwashe shinkafa. Washegari ina fitowa da buhuna na tarar da ita a bakin zaure, ta sa hijabi.

"Shinkafa in an shekara ana samun wata. Yatsa in ya tafi ya tafi. In ba za ka je ba, ni zan je su duba nawa bayan a madadinka."

Haka na ajiye buhunan, muka hau mota zuwa Haɗeja. Ma'aikacin asibitin ya yi irin gwajinta, sai dai shi da auduga ya yi, ya kuma mammatsa mini gwiwar hannu. Ya ce kuturtar ce, amma mun zo da wuri, tana warkewa sarai, maganin kyauta ne, kuma da zarar na fara sha ba zan sa wa kowa ba.

Na yi watanni ina haɗiyar ƙwayoyi. Fatata ta yi duhu, maƙwabta suka fara tambaya. Ita ce mai ba su amsa: "Ranar fadama ce, ku ma ku je ku gani." Ko sau ɗaya ba ta ware mini kwano ko kofi ba. Na warke, ban rasa ko farce ba.

Ta rasu bayan yaranmu sun girma, Allah ya jiƙanta. Abin da na ɗauka daga gare ta shi ne, ciwon fata mai ƙaiƙayi shi yake kai ƙarar kansa. Wanda ya yi shiru shi ne abin kaiwa asibiti. Kuma mutum ba ya ganin bayansa, sai da mai duba masa. Ni yanzu nauyin yaran nake ji. In bayana ya dame ni sai in jingina da darbejiyar ƙofar gida, in goga kamar ɗan akuya.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu yana cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Na yarda. Amma da yatsuna nake riƙe fensirin, kuma wadda ta tsare mini su ba ta ga ko baƙi ɗaya da na rubuta ba.