Kofin Shayi a Kan Inji

Jiya a Kawo wata tsohuwar mota ta wuce ni, na ji ƙarar injinta mai fulogi shida a jere, ƙara mai laushi, ba gargada. Na tsaya cak, Baffa yayan mahaifina ya faɗo mini a rai, don irin injin motarsa ke nan.

Duk safiyar Juma'a yakan tayar da motarsa a ƙofar gidanmu na Unguwar Sarki, ya buɗe bonet, ya ɗora kofin shayi cike taf a kan injin. In shayin bai motsa ba, sai ya ce, "Lafiyarta ƙalau." Har yau ina jin ƙamshin citta gauraye da warin baƙin mai.

Lokacin wahalar fetur, ranar da muka yini a layi, na ce masa, "Baffa, a sauke wannan injin a sa ƙarami mai fulogi huɗu mana. Kowa haka yake yi."

Ya shafa injin, ya ce, "Ɗana, a canja ringi, a wanke kafireto, duk na yarda. Amma ku bar mata shi har in tafi."

Da damina ya rasu. Ko arba'in ba a yi ba na sa aka sauke injin aka sa ƙarami, masu narka ƙarfe suka ɗauke tsohon. Da na dawo gida na tayar da motar, na ɗora kofin shayi a kan sabon injin. Kafin in janye hannu shayin ya zube.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya ba shi natsuwa a makwancinsa. Ni kuma Ya yafe mini gaggawata.